Na rage sukari, na koma tafiya a ƙasa

Wallahi shayin fada, wato wurin hirarmu da abokai, ne ya kusa gama ni, kofi uku kullum da dare kuma sukari kamar ba gobe, ga tumbi ya fara fitowa har abokai na ce min Alhaji. Sai na ce to bari in gwada. Yanzu bayan sallar asuba nake takawa daga unguwar Zengo zuwa Birni a nan Zinder, in wuce ta gaban fadar Sarkin Damagaram in dawo kafin rana ta buɗe, don zafin Zinder ba wasa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce minti 150 a sati ya isa, ni minti 30 nake yi kullum. Da rana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, fura ba sukari, amma fa kilishi kam har yanzu na kasa bari.