Yarona mai Down da cizo, taune-taune da gurzar haƙora

Da farko ni ma abu ɗaya na ɗauke su, cizo da taunar kaya da gurza haƙora, tunda duk a baki ɗaya suke faruwa, kuma kowa a gida haka yake haɗa su yace yaron nan bakinsa baya hutawa. Sai da tafiya ta yi tafiya na gane kowanne da nasa dalilin kuma kowanne da inda ake ɓullo masa. Yarona auta ne, yanzu ya haura shekara 4, a nan Jidda na haife shi, kuma tun a asibiti aka ɗebi jininsa aka tabbatar mana yana da lalurar Down, wato a maimakon ƙwayoyin halitta 46 da ke cikin kowane tantanin jiki shi 47 gare shi, ƙarin ɗayan akan ta 21 yake. Shi yasa ma aka ware 21 ga Maris ta zama ranarsu ta duniya. Abin da ya shafi baki a cikin lalurar shine naman jikinsu sakwaf yake, har na muƙamuƙi da leɓe da harshe, ga kogon bakin ƙarami, ga haƙora basa fitowa da wuri.

Nawa sai da ya wuce shekara ɗaya da 'yan watanni kafin haƙori na farko ya leƙo, kuma ba a jere suka zo ba kamar na yayyensa, turmi ya riga wasu na gaba fitowa. Likitar yara tace kar in damu haka da yawansu suke, wani sai ya kai shekara 2 babu ko ɗaya, kuma haƙoran nono 20 ɗin nan wani basa cika masa sai shekara 4 ko 5. To kun ga yaron wasu ya gama fitar haƙora an manta, naka yana shekara 3 dasashi na masa ƙaiƙayi, mutane kuma na kallonsa suna cewa ai ya wuce shekarun sa abu a baki.

Taunar ce ta fara. Wuyan jallabiyarsa kullum jiƙe sharkaf har ya huje, rimot ɗin talabijin duk sawun haƙori, igiyar caja, silifas ɗin banɗaki in aka yi sake, har carbin Hajiya kakarsu. Carbin nan shi ya fi tsorata ni, dan in zaren ya tsinke ƙwaya ɗaya ta isa ta shaƙe yaro. Wata ma'aikaciya mai koyar da magana da cin abinci ce ta buɗe min ido, tace Ummu fulan hana shi tauna gaba ɗaya ba zai yiwu ba, muƙamuƙinsa ne ke neman abin da zai danna ya ji ƙarfi, ki ba shi abin da ya halatta ya tauna ki kwashe wanda bai halatta ba. Akwai wata roba ta silikon da ake yi musamman dan haka, doguwa mai kauri yadda zata kai turmi, ana samu a manyan kantunan magani ko a oda ta intanet. Na sayi biyu, ɗaya a falo ɗaya a jakata, in na ga hannu ya nufi wuyan riga sai in miƙa masa ba tare da surutu ba. Wasu ana rataya su a wuya, ni dai bana barinsa ya kwanta da ita ko ya yi wasa da ita inda ba na ganinsa, kuma duk wadda ta fara tsagewa shara take zuwa.

Abin mamakin shine yaron da ke taune rimot, abinci baya taunawa. Kunu, shurba, shinkafa mai laushi, ayaba, duk zurmuƙawa yake ya haɗiye. Ita dai matar ta nuna min in daina sa masa loma a tsakiyar harshe, in yanka abu dogo siriri in ɗora a gefe kan turmi, dama sannan hagu, ina riƙe da ɗaya ƙarshen. Da gefen tamis, burodin nan mai faɗi na garin nan, muka fara, wancan wajen mai ɗan tauri, sai kokwamba mai sanyi daga firij, sai karas da aka ɗan turara. Sannan shan abu da tsinken roba, laban wato nono mai kauri ko mangwaron da aka markaɗa, dan zuƙar tana sa leɓe da kumatu aiki. In babansu ya shigo da tsire yaron har rawa yake, amma sai na zaɓi mai laushi na yayyaga ƙanana ina zaune a gabansa. Dabino kam sai an cire ƙwallo, inabi a tsaga shi ta tsaye gida huɗu, gyaɗa da gugguru har yau ban ba shi ba. A garin nan ko ina ka shiga dabino ake miƙo wa yaro, a masallaci, a gidan maƙwabta, a Harami, dan haka bakina baya gajiya da cewa dan Allah a ba ni in cire masa.

Cizo kuma shi ya fi haɗa ni da mutane. Ya ciji yayarsa a damtse har shatin haƙora ya kwana, ya ciji ɗan maƙwabciya a gidan suna, ni kuwa kafaɗata ba a magana. Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, tace ke rama masa mana, ki cije shi sau ɗaya ya ji yadda ake ji, mu haka muka yi wa namu. Wata tace a shafa barkono, wata tace a ɗalle masa baki. Nace Hajiya ki yi haƙuri wannan dai ba zan iya ba. Yaran nan da ido suke koyo fiye da kunne, abin da ya ga an yi shi zai kwaikwaya, in na cije shi to na koya masa babba ma yana cizo in ransa ya ɓaci. Ta yi shiru tace to ke kika sani, ɗan naki ne.

Abin da na yi shine na fara rubutawa a waya duk lokacin da ya yi cizo, me ya faru kafin nan, wa ke wurin, ya ci abinci ko bai ci ba, ya yi barci ko bai yi ba. Ba a daɗe ba abin ya fito fili. Yawanci ko an fizge masa abu daga hannu, ko wuri ya cika da hayaniya mata na shewa yara na ihu, ko yunwa. Akwai kuma na murna, ya rugo ya rungume ni sai in ji haƙori, wannan ba fushi a ciki ko kaɗan. Yaran Down abin da suke fahimta ya fi abin da suke iya furtawa yawa nesa ba kusa ba, yaro ya san sarai abin da yake so, ya san an cuce shi, kalmar ce ta ƙi fitowa, to me ya rage masa. Sai muka koya masa alamu da hannu, ƙari, ruwa, ya isa, nawa ne, ciwo. Na ji tsoron alamun zasu sa ya ƙi magana, aka ce min a'a taimaka mata suke, kuma haka na gani dan kalmar ruwa da alamarta kusan tare suka zauna masa. Yayyensa ma sai da na zaunar dasu nace duk wanda ya ga ya yi alamar nawa ne to a saurara masa, in ba haka ba ya koma wa abin da ya san yana aiki nan take.

In ya riga ya ciza bana ihu bana dogon wa'azi, dan na lura ihun ma burge shi yake, ya ga fuskata ta canja sai ya yi dariya ya sake. Ina sauke shi ƙasa, in haɗe rai, ince a'a, cizo da zafi, shikenan, sai in juya wajen wanda aka ciza in lallashe shi a gabansa. Bayan ɗan lokaci in miƙa masa robarsa. In haƙoran na cikin namanka kar ka fizge, fata zata yage, ka ɗan tura hannun cikin bakin a hankali zai saki. Wurin a wanke da ruwa da sabulu sosai, in fata ta fashe a je a nuna wa likita dan cizon mutum yana saurin ruruwa. A gidan biki kuwa yanzu ina kallon alamunsa, in ya fara toshe kunne ko cusa hannu a baki sai in ɗauke shi mu fita tsakar gida ko mu koma mota, wasu na cewa na cika iyayi, su dai faɗa.

Gurzar haƙoran ita ta fi ɗaukar mu lokaci. Cikin dare zaka ji ƙurus ƙurus kamar ana niƙa tsakuwa, har babansu ya koma falo da kwana. Kowa ka gaya wa sai yace tsutsar ciki ce a ba shi magani, wasu suce a yi masa tofi iska ce. Addu'a kam kullum muna yi, amma kashi an gwada ba a ga komai ba. Likitar ce ta tambaye ni yaya barcinsa yake, yana minshari? Nace sosai ma. Baki a buɗe? Eh. Yana kwana a zaune ya kifa kai akan ƙafafunsa, ko ya banƙare wuya baya? Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi dan kamar a ɗakinmu take kwana. Tace in ɗauki bidiyonsa yana barci, da na ɗauka na zauna na kalla sai na ga numfashin na tsayawa na ɗan lokaci, ƙirji na motsi iska bata shiga, sannan ya yi firgigit ya ja da ƙarfi, kuma sau da yawa a daidai nan gurzar take biyowa.

Ashe toshewar numfashi cikin barci ta yi yawa ƙwarai a yaran Down, saboda hanyar iskar ƙunci gareta ga harshe na komawa baya ga naman sakwaf. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma shawararta shine duk yaro mai Down a yi masa gwajin barci tsakanin shekara 3 zuwa 4 ko da iyaye basu ga komai ba. Mun kwana a asibiti an manna masa wayoyi a kai da ƙirji da yatsa, robar taunarsa ce ta cece ni kafin barci ya ɗauke shi. Sakamako ya nuna toshewar, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba yace tonsil ɗinsa, wato naman gefe-gefen maƙogwaro, da naman bayan hanci sun yi girma, ga ruwa kwance a bayan dodon kunne shi yasa ji ya ragu. Aka yi aiki aka cire. Nan fa wata tsohuwa tace da wanzami kuka kai a cire masa beli da an huta, dan Allah 'yan uwa kar wanda ya gwada, ba abu ɗaya bane, kuma kusan rabin yaran nan da matsalar zuciya ake haifarsu, zubar jini ko ƙwayar cuta ta shiga jini ba abin wasa bane a wurinsu. Ko a asibitin sai da mai sa barci ya tambayi takardun zuciyarsa, kuma suka kula da yadda zasu ajiye wuyansa dan wasunsu gaɓar saman wuya sako-sako take.

Bayan aikin minsharin ya ragu sosai, gurzar dare ta ragu amma bata ɗauke ba, kar in yi muku ƙarya. Ta rana tana nan, in ya zauna shiru ba abin yi ko ya nutse a kallon waya. Ita bana ce masa daina, ina dai ba shi ruwa ko kokwamba ko in ja shi da waƙa, baki in yana wani aikin baya gurza. In kuma ta tashi gadan-gadan rana ɗaya, to yanzu na san in duba kunne, ko mura, ko ciki ya ɗaure, ko abinci na dawo masa wuya. Sannan azumi da hutun makaranta, kun san yadda garin nan yake juyewa dare ya koma rana, yara na wasa har asuba. Duk lokacin da barcinsa ya rikice haka cizon da gurzar tare suke dawowa, dan haka shi kaɗai nake kwantarwa da wuri ko baƙin Umra sun cika gida, in rage sanyin mukayyif wato na'urar sanyaya ɗaki dan mai kwana baki buɗe da safe leɓensa a tsage yake tashi.

Likitan haƙori ya ga saman turamensa sun ɗan suɗe sun yi sumul, yace tunda bai kai ga jijiya ba kuma baya jin zafi a sa ido kawai. Na tambayi robar da manya ke sawa a baki da dare, yace ba'a cika yi wa ƙananan yara ba, bakin na girma haƙora zasu faɗi wasu su fito, ga haɗarin ta kuɓuce cikin barci. Abin da ya fi jaddada min shine dasashi, dan ciwon dasashi na kama yaran Down da wuri, a goge sau 2 a rana da buroshi mai laushi, man goge baki mai fuloraid kamar ƙwayar shinkafa kafin shekara 3, daga nan kamar ƙwayar wake ƙarama. Gogewar ma dabara ce, ina zama a ƙasa in kwantar da kansa a cinyata, shi ya riƙe buroshi ɗaya yana tauna ni ina aiki da ɗayan. Asuwakin babansa yana burge shi amma yana tsinke zaren ya haɗiye, sai na ɓoye.

Duk wata 6 muke komawa wajen likitan haƙorin, gwajin ji da na jinin maƙoƙo kuma duk shekara. Yace in ya ƙara girma zai yi masa hoton baki a ga ko duk haƙoran manya suna nan a ƙasa, dan wasu yaran Down akwai waɗanda sam basa fito musu, kuma faɗuwar na nonon ma tana iya yin jinkiri kamar yadda fitowarsu ta yi.