Sabara da jar kanwa

Laraba, bayan isha'i.

Yau kam da haushin furojet na tashi wallahi. Sati uku kenan ina kan babi na ɗaya, aikina a kan ganyen sabara ne, wanda a littafi muke ce ma Guiera senegalensis, za ni gwada ko ruwansa na hana ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Staphylococcus aureus girma. Tsarin da na kwafo wajen na gaba da mu shi ne a shanya ganyen a inuwa, a daka, a jiƙa a metanol, wani sinadarin lab, a ɗiga a farantin da aka shuka ƙwayoyin a sa a inkubeta a digiri 37 awa 24, sannan a auna faɗin wurin da ƙwayoyin ba su girma ba da rula. Kowa haka ya yi, ni ma ban taɓa tambayar dalili ba.

Da azahar ina zaune gindin bedi bayan masallacin mata ina cin awara sai ga wata ƙawata 'yar Sashen Hausa, ita nata aikin kan sunayen itatuwa ne a karin magana, duk ta bi tsofaffin Ƙofar Marusa da rikoda. Na ba ta takardata ta duba mani rubutu kawai fa, sai ta ɗago ta ce ke wai a garin nan wa kika taɓa gani ya sha sabara da metanol? Na yi dariya amma maganar ta tsaya mani a wuya. Ta ce tsofaffin da ta yi hira da su dafawa suke, wasu su jefa 'yar jar kanwa, kuma har lokacin tsinko ganyen sai da wata ta faɗa mata. Wani ɗan Kemistiri da ke kusa yana jiran ƙanwarsa ya tsoma baki, ya ce ai kanwa na ɗaga pH ɗin ruwa, wato tana rage masa tsami, abin da zai fito daga ganyen ba lalle ya zama ɗaya da na metanol ba, ki yi kashi uku mana ki kwatanta. Shi ne ma ya ba mu labarin Tu Youyou, 'yar Chana da ta ci kyautar Nobel a 2015 kan maganin zazzaɓin cizon sauro daga tazargade, da farko sakamakonta bai tsayawa, sai da ta karanta wani tsohon littafin magani da ya ce a jiƙa a ruwa a matse, nan ta gane zafi ke ɓata sinadarin.

Shekara huɗu muna wuce juna da mutanen nan a hanyar lakca, ban taɓa zaton suna da abin cewa a kan aikina ba, mu 'yan lab akwai jin kai gaskiya.

Na hau napep na sauka Ƙofar Ƙaura na biya gidan Goggo. Na ce Goggo don Allah ya kuke dafa sabara? Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ɗiyar nan halan cikinki ke ciwo? Da na yi mata bayani ta ce to bokon ya zo gida kenan, ta ɗauko ƙullin kanwa ta gutsuro kamar ƙwayar gyaɗa ta ce kar ki wuce haka. Na naɗe a takarda, gobe sai na ɗora a sikeli in ga giram nawa ne.

Saura Malam mai duba furojet ɗina, ban san ko zai yarda a canza babi na uku, na tsarin gwajin, ba, ƙarfe tara ya ce in same shi ofis. Wuta ta tafi, waya saura kashi 8.