Yadda nake rarrabe kuskuren bugu da lalacewa a jikin kwabo mai huji

Yawancin kuɗin da nake dubawa na zamanin Turawa ne: anini, ɗari (rabin kwabo) da kwabo masu huji a tsakiya, waɗanda aka buga wa Afirka ta Yamma tun daga 1907. Tambayar da nake yi wa kowane ƙwandala ɗaya ce: abin nan da nake gani, a gidan bugu ya faru, ko bayan kuɗin ya shiga hannun mutane?

Kayan aikin ba su da yawa. Gilashin ƙara girma mai ninki goma irin na masu gyaran agogo, fitila guda da zan haska daga gefe, sikelin 'yan gwal, da wani kwabon lafiyayye na shekara ɗaya da zan riƙa kwatantawa. Ta baki nake riƙe kuɗin, kuma ba na wanke shi. Toka, lemun tsami da Brasso suna cinye fuskar ƙarfen, su tafi da shaidar da ake nema tare da darajar.

Ana buga kuɗi ne tsakanin hatimi biyu na ƙarfe, zanen yana lotse a cikinsu. Don haka duk abin da ya lotsa a hatimi, tudu yake fitowa a kuɗi. Idan hatimi ya tsage, za ka ga siririn layi ya taso, yana karkacewa, sau da yawa daga baki ya ratsa ta kan haruffa. Idan wani yanki na bakin hatimin ya ɓalle, sai dunƙulen ƙarfe marar zane ya zauna a gefen kuɗin. Ƙarzuwa kuwa rami ce, da ɗan ƙarfen da aka ture a gefenta. Ina karkata kuɗin a ƙarƙashin fitila in ga ɓangaren da inuwa ta faɗa, a nan gardama take ƙarewa.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne ninkin haruffa, domin iri uku ne, ɗaya kaɗai ke da kuɗi. Na gaskiya tun wajen ƙera hatimin ya auku: hoton biyu duka a dunƙule suke, tsayinsu kusan ɗaya, ƙarshen haruffa a tsage, harafin ya fi na lafiyayye kauri. Na biyu, hatimi ne ya goce lokacin bugu. Ninkinsa a shimfiɗe yake kamar matakala, kuma ya rage faɗin harafin maimakon ya ƙara. Na uku tsufan hatimi ne. Bayan bugu dubbai, haruffan da ke kusa da baki sai su kumbura, su miƙe wajen gefe, filin kuɗin ya yi gautsi da siraran layuka masu fita daga tsakiya, inuwar ninki ta bayyana ta ɓangaren baki. Wannan na ƙarshe ya yi yawa, kuma ina jin takaici in ga an sayar wa sabon shiga shi da tsada.

Ƙaramin harafin gidan bugu ma yana yaudara. H na kamfanin Heaton ne a Birmingham, KN na kamfanin King's Norton, SA na Pretoria a Afirka ta Kudu. Maiƙon inji da dattin ƙarfe kan cike harafin a hatimi, sai KN ya fito K kaɗai, ko ya ɓace. In haka ne, wurin yana nan sumul, launinsa ɗaya da sauran filin. In an goge shi ne da gangan, gilashi zai nuna ɗan kwari da sawun goga.

Hujin da ya kauce daga tsakiya tun gidan bugu a zagaye yake cif, faɗinsa daidai da na ɗan'uwansa. Wanda igiya ta ci, saboda da can a zare ake jera su, ya kan yi tsawo ta gefe ɗaya, bakinsa ya yi laushi. Kwabon da aka manta ba a huda ba dole ya ɗan fi lafiyayye nauyi.

Kuskuren da ya fi sa ni nutsuwa in karanta fuska biyun shi ne haɗa hatimin da ba na juna ba. Sarkin Ingila Edward VIII ya sauka daga sarauta a Disamba 1936, amma akwai kwabo mai sunansa da shekarar 1945 a ɗaya fuskar. Akwai kuma mai sunan George VI, wanda ya rasu a 1952, da shekarar 1956. Irin waɗannan ne ake yi wa jabu ta hanyar fafe kwabo biyu a manne su. Ina bin bakin kuɗin da gilashi in nemi layin haɗi, in auna nauyi, sannan in ɗora shi a kan yatsa in ƙwanƙwasa a hankali da fensir. Lafiyayye yana amo mai tsawo, wanda aka manne kuwa ƙararsa a mace take.