Laraba a Jidda: askarawa a ƙofar Iya

Yau ko wuyan riga ɗaya ban ɗinka ba. Da hantsi ina zura zare a keke sai ga jikar Iya maƙwabciyarmu a guje, ƙafa ba takalmi: "Kawu, ka zo, askarawa na ƙofarmu!" Askarawa, wato 'yan sanda. Ashe wayar da autan Iya ya saya a hannun wani ce ake zargin ta sata ce.

Na tarar da Iya jingine da bango, carbi na rawa a hannunta, tana ta "na'am, na'am" ga maganar da rabinta ma ba ta gane ba. Shekara talatin tana nan Saudiyya, amma Larabcinta na cefane ne. Na yi sallama, na tambayi babbansu cikin ladabi ko akwai takardar izinin bincike. Bai ɓata rai ba, ya miƙo min. Iya kuwa sai jan hannun rigata take tana raɗa: "Ɗan nan, rufa mana asiri, baƙo ba ya tambaya."

Maganar nan ce ta tsaya min a rai har yanzu. Dokar mulkin ƙasar nan ta 1992, ta zamanin Sarki Fahad, sashe na 37 ya ce gida yana da alfarma, ba a shigarsa sai da izinin mai shi, ba a bincikarsa sai inda doka ta bayyana. Sashe na 36 kuma da ya zo batun kamu da tsarewa, ɗan ƙasa da mazauni ya haɗa. Mu masu igama, wato takardar izinin zama, muna ciki ke nan. Tun muna makarantar allo ma mun karanta a Suratun Nur cewa kada a shiga gidan wani sai an nemi izini.

Sun duba ɗakin yaron muna tsaye, suka ɗauki wayar, suka rubuta, suka tafi da shi. Kafin ya shiga mota na ce masa: "Ƙanena, kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka fahimta ba. Ka nemi tafinta." Dokar shari'ar laifuka ta 2013 ta ba wanda ake tuhuma damar neman lauya tun a matakin bincike, ta ce a faɗa masa dalilin kama shi, a bar shi ya sanar da wani nasa, ta kuma hana azabtarwa. Mutanenmu nawa suka san haka? Wallahi abin yana ci min tuwo a ƙwarya, don na sha ganin wanda tsoro kaɗai ya sa ya amsa abin da bai aikata ba.

Bayan Magariba yaron ya bugo waya, muryarsa a dishe, ya ce ba a taɓa shi ba. Saƙonnin cinikin suna nan a tsohuwar wayarsa da ke wajen Iya. Gobe da sassafe zan kai wa lauya. Maiɗakina ta aika wa Iya da tuwo, har yanzu kwanon na nan a rufe.