Godiya Ga Waɗanda Suka Ɗora Ni Kan Keke

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, mun taka keke daga Ringim har Gujungu, mun juyo gida kafin la'asar, ba wanda aka ɗauko a mota. Sai yau gajiya ta sake ni na samu zama, don godiyar nan bashi ce a wuyana.

Shekara shida ke nan ina fama da ciwon sukari, ina yi wa kaina allurar insulin safe da yamma. Ƙauyenmu ba wuta balle firji, kwalbar maganina a 'yar tukunyar ƙasa take kwana, cikin jiƙaƙƙen yashi a lungun ɗaki. Da samarin garinmu suka ce bana za su hau keke ranar 14 ga Nuwamba, ranar da duniya ta ware wa wannan ciwo, a tara kuɗin na'urar gwaji da tsinkenta saboda marasa hali, nan take na ce da ni za a je. Ranar ce aka haifi Frederick Banting, likitan Kanada da shi da abokan aikinsa suka gano insulin a 1921, maganin da Allah Ya sa ya zama sanadin da nake tafe da ƙafata yau. Tsinken gwajin kuwa sau ɗaya ake amfani da shi a yar, tsadarsa ke sa mutanenmu su haƙura da awo sai ciwo ya kayar da su. Da idona na ga wani dattijo mai wannan ciwo da ya taka ƙaya a gona bai ji ba, ƙarshenta ƙafar aka yanke.

Niyya akwai, abin hawa ne babu. Tsohon Phoenix ɗin da na gada wurin Baba, Allah Ya jiƙansa, sarƙa na zamewa, tayar baya faci kan faci. Mai gyara ya juya shi ya ce, "Malam, wannan ko Taura ba zai kai ka ba."

Yaya, da kai zan fara. Ban roƙe ka ba, a bakin yara ka ji. Ka ɗebi riɗin da ka gama kaɗewa, wanda na san na rufin ɗakinka ne, ka sayar ka shiga Kano. Ranar da motar haya ta tsaya ƙofar gida aka kunto sabon keke daga samanta, ko ledar jikinsa ba a ɓare ba, sirdi na ƙamshin sabunta, na kasa cewa komai. Kai kuma abin da ka ce kawai, "Ungo, ka je ka dawo lafiya." Allah Ya rufa maka asiri duniya da lahira, Ya mayar maka da ninkinsa.

Malaman makarantarmu sun yi karo-karo sun saya mini hular kwano da takalmi sau-ciki mai laushi. Na gode ƙwarai. Haka ma'aikaciyar jinyar da ta zaunar da ni ta gyara mini awon allurar safiyar ranar, ta ce taka keke na cinye sukarin jini, kada in tashi ban karya ba, in kuma duba tsakanin yatsun ƙafata in na dawo. Maiɗakina tun asuba ta ƙulle mini dabino a hankici ta ɗaure a kariya.

A hanyar dawowa, mun ɗan wuce Taura, sai na ji gumi mai sanyi ya karyo mini, hannuna na rawa a kan birki, titi ya fara rabuwa biyu a idona. Na sauka gindin wata darbejiya na soki yatsa na gwada sukarin jinina: 58. Mai wannan ciwo ya san ƙasa da 70 ba wurin wasa ba ne. Ina kokawa da ƙullin hankici, yatsuna sun ƙi, sai ga wata Inna mai fura ta sauke ƙwaryarta. Ta kwance ledar sukarinta ta zuba a ludayi, ta dama da ruwa ta kafa mini a baki. "Sha, ɗan nan, sha duka." Bayan minti 15 na sake gwadawa, 94. Na ci dabino na sha fura, na miƙa mata kuɗi, ta ture hannuna ta ce mijinta ma da wannan lalurar ya rasu.

Samari, ku ma na gode. Ba wanda ya yi gaba ya bar ni. Kun jingine kekuna kun zauna a ƙasa, ɗayanku na yi mini fifita da kwali har na dawo hayyacina, sauran hanyar kuma kuka sa ni tsakiya.

Abin da aka tara an damƙa wa dattawa, an sayo na'urar da tsinke, suna ɗakin shan magani na garinmu. Duk wanda ya ba da nasa, komai ƙanƙantarsa, Allah Ya sa a mizani.

Inna mai fura ce kaɗai ban san gidanta ba, ko sunanta ban tambaya ba. Ranar Lahadi in Allah Ya kai mu zan hau keken in koma gindin darbejiyar nan da mudun sukari, ko Allah zai sa in dace da ita.