Wayar da matuƙin ya riga ya sani

Lokacin da na fara aikin loda magani a jirgin feshin gona, a zatona inji ne ke kashe matuƙa, wato injin ya mutu a sama shikenan sai ƙasa. Sai da na daɗe a wajen, na kuma zauna na karanta rahotannin haɗari, sannan na gane ba nan gizo ke saƙar ba.

Jirgin nan fa ƙafa 10 zuwa 15 kawai yake bi saman shuka, da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, ga nauyi, irin su Air Tractor AT-802 galan 800 na magani suke ɗauka. A haka wayar lantarki ba ta ganuwa sai an zo kanta. Abin da ya fi ɗaga min hankali wallahi, sau da yawa matuƙin ya san da wayar, ya zagaya ya ganta tun da safe, ya tsallake ta sau goma, sai a zuwan ƙarshe wajen gyara gefen gona hankali ya tafi kan GPS ko rana ta kashe masa ido, shikenan.

Sai juyawa a ƙarshen gona. Tanki cike, ga zafi iska ta yi sako-sako, mutum na sauri ya matse kwana, fiffike ya daina ɗaukar jirgin, kuma babu tazarar da zai farfaɗo.

Akwai kuma siraran hasumiyoyin auna iska da ake kafawa cikin ɗan lokaci. A 2011 wani matuƙi ya rasu a Kalifoniya bayan ya daki wata mai ƙafa 198, ita kuwa dokar sa wa hasumiya alama a lokacin daga ƙafa 200 ta fara. Ƙafa 2 kacal!

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta bibiyi haɗurran jiragen feshi 78 na shekarar 2013, gajiya na cikin abin da ta nuna wa yatsa, ni kuma da idona na ganta. Wata yamma maigidana matuƙin ya sauko idanunsa jawur, gilashi duk matattun ƙwari, tun asuba yake sama, ya ce in ƙara masa lodi ɗaya. Na ce ranka ya daɗe a bari sai gobe mana. Ya daɗe yana kallona bai ce komai ba, can ya kashe inji ya miƙo min hularsa ta kwano.