Aikin Jini a Durban: Zaman Ɗan Kano a Afirka ta Kudu

Na zo Durban, birni mafi girma a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, bayan na yi shekaru ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Kano. An ɗauke ni ne domin in riƙa karɓar jinin mutanen da suka amince a gwada magungunan kariya daga HIV a jikinsu, in tace shi, in auna abin da aka ce a auna, sannan in adana sauran. Kafin in taɓa ko kwalba guda sai da aka tantance takardun karatuna aka yi mini rajista, kuma a lokacin wannan jira ne na fara sanin garin.

Abinci da ibada ba su ba ni wahala ba, domin Durban tana da tsohuwar al'ummar Musulmi 'yan asalin Indiya, naman halal yana ko'ina, kuma babban masallacin Juma'a na titin Grey, wanda yanzu ake kira titin Yusuf Dadoo, ya zame mini wurin da na fara yin abokai. Abin da ya fi nauyi shi ne sunan ƙasata. A nan idan ka ce kai ɗan Najeriya ne, wasu sukan ɗan ja baya kafin su saki jiki, kuma baƙi ba su manta da hare-haren da aka kai musu a birnin a 2015 ba. Wata dattijuwar nas, wadda kowa ke kira Mama, ita ta ja ni gefe ta ce in koyi gaisuwar Zulu kafin komai, in kuma gaida mai shara da direba kamar yadda nake gaida likita. Wannan tarbiyya ce da na taso da ita, saboda haka ban sha wuya ba, kuma ita ta buɗe mini ƙofofi.

Tun kafin in taso, mahaifina bai ɓoye damuwarsa ba. Cewa ya yi: "Wato irin abin da aka yi wa yaranmu a Asibitin Zana za ka je ka yi wa na wasu?" Yana nufin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Tambayarsa tana da tushe, kuma da ita nake auna duk abin da nake gani a nan. Na ga yadda ake zaunar da mace a karanta mata takardar amincewa da harshenta, a yi mata tambayoyi don a tabbatar ta fahimta, a gaya mata tana da damar janyewa duk ranar da ta ga dama ba tare da ta rasa kulawa ba. Da na tarar da akasin haka, da ban zauna ba.

Mu a ɗakin gwaje-gwaje ba mu san sunan kowa ba. Kwalbar jini tana iso mana da lamba kawai, da lokacin da aka ɗebi jinin, kuma daga wannan minti agogo ya fara aiki, domin fararen ƙwayoyin jini dole a raba su a daskarar da su cikin awa takwas, in ba haka ba su lalace. Ana juya kwalbar a cikin na'ura har jinin ya rabu hawa-hawa: ja a ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya a sama, sai wani siririn layi fari-fari a tsakani, wanda shi ake bi a hankali a tsotso da bututu ba tare da hannu ya yi rawa ba. Ruwan jinin yana shiga firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ƙwayoyin kuma tankin naitirojin. Kowane mataki sai an rubuta shi an sa hannu da kwanan wata, kuma idan aka yi kuskuren rubutu ba a gogewa, layi ɗaya ake ja a kai yadda mai bincike zai iya karanta abin da ke ƙasa.

Wanda bai sani ba zai ɗauka wannan duk ƙa'ida ce ta takarda. Amma a gwajin VOICE na magungunan kariya daga HIV, wanda aka yi da mata fiye da 5,000 a Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe, aka fitar da sakamakonsa a 2013, yawancin matan sun ce suna amfani da maganin, ƙidayar ragowar ƙwayoyin maganin da suka dawo da su ma ta nuna haka, sai gwajin jini ya nuna cewa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na samfuran ne ke ɗauke da maganin. Ban ga laifin matan ba. Budurwar da ke zaune ɗaki ɗaya da 'yan'uwanta, ko matar da mijinta zai ga kwalbar magani ya zarge ta da ɗauke da cutar, ba za ta iya shan ƙwaya kullum a fili ba. Wannan gaskiya daga firizar ma'aikatan gwaje-gwaje ta fito, kuma tana cikin abin da ya ƙara tura masu bincike neman maganin da zai daɗe a jiki.

Hanyar ta yi tsawo. A 2010 cibiyar CAPRISA ta nan Durban, ƙarƙashin Salim Abdool Karim da Quarraisha Abdool Karim, ta nuna cewa man shafawa mai ɗauke da maganin tenofovir ya rage kamuwar mata da kashi 39 cikin 100. A farkon 2020 aka dakatar da gwajin rigakafin Uhambo saboda bai kare kowa ba, kuma abokan aikina da suka yi shekaru a kansa har yau da alhini suke ambatonsa. Sai a 2024 gwajin PURPOSE 1 ya nuna cewa cikin 'yan mata 2,134 na Afirka ta Kudu da Yuganda da aka yi wa allurar lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara, babu ko ɗaya da ta kamu. Wannan sifili ba zai karɓu ba sai don an amince cewa kowane gwajin jini da aka yi wa kowace yarinya an yi shi daidai, musamman a Afirka ta Kudu, ƙasar da mutum kusan miliyan 8 ke rayuwa da cutar.

A lokutan da ɗauke wuta ya tsananta, mukan raba kwana da wayar ƙararrawar firiza. Idan ta yi ƙara da tsakar dare, sai ka tashi ka je ka duba janareta, ko ka kwashe samfura zuwa wata firizar kafin sanyinsu ya ragu. A irin waɗannan darare ne abokan aikina suka daina kirana ɗan Najeriya suka koma kirana Bhuti, wato ɗan'uwa da harshen Zulu, kuma su ne suka nemo mana gida kusa da makaranta lokacin da maiɗakina da yara suka iso.

Tun farkon 2025 da Amurka ta yanke tallafin bincike da na yaƙi da HIV a ƙasar nan, wurare da dama sun rage ma'aikata, kuma ga baƙo irina rasa aiki yana tafiya ne tare da rasa izinin zama. Mun zauna da maiɗakina mun tsara yadda za mu koma Kano idan ta kama. Idan hakan ta faru, abin da nake so in yi shi ne aiki a wurin da za a riƙa yi wa mutane gwaji kafin a ba su wannan allura, domin ba a yin ta sai an tabbatar mutum ba ya ɗauke da cutar, kuma an ce nau'inta mai rahusa, na dala 40 a shekara, zai fara isa ƙasashe irin namu daga 2027.